Lungun da Janar ya tsere da rigar barci

Ɗan yayata ne ya ja ni zuwa Memfis, a ƙasar Amurka. Shekararsa shida a can, yana aikin dare a wani kamfanin jigilar kaya da ke filin jirgin saman garin, kuma tun da ya ji zan halarci wani taro a Atlanta ya hana ni sakat da waya. "Kawu, in ka shigo ƙasar nan ka koma ba ka taka ɗakina ba, sai Hajiya ta ji." Da ya sako Hajiya a zancen kuwa, magana ta ƙare. Ana rufe taro na hau doguwar mota, muka ratsa ta Birmingham, muka wuni a hanya, na sauka Memfis da almuru ƙafafuna sun kumbura kamar burodi.

Watan Agusta ne. Na san zafi, amma na garin nan irin na Lokoja ne, mai danshi, wanda kana fitowa daga wanka riga za ta manne maka a baya. Dalilin kuwa yana nan shimfiɗe a yammacin gari: kogin Misisipi, ruwansa ja-ja kamar kunun kanwa, faɗinsa ya isa ka tsaya ka yi tasbihi. Garin yana zaune a kan tudu, jihar Tenesi ke nan, tsallaken ruwa kuma jihar Arkansas.

Kwana biyu da zuwana muka shiga tsakiyar gari neman abinci. Abin da Memfis ke taƙama da shi gasasshen nama ne, sai dai akasarinsa na alade, don haka ƙamshin ya yi ta binmu muna kauce masa, muna neman inda ake soya tarwaɗa. A cikin wannan kewaye-kewaye muka yanke ta wani lungu kusa da titin Union, bayan gidajen abinci, inda babu komai sai kwandunan shara da bututun hayaƙi da ruwan wanke-wanke. Na ɗaga kai sai ga sunan lungun a jikin ƙarfe. Ma'anarsa da Hausa: lungun tserewar Janar Washburn.

Na ce da yaron, "Kai, wane irin gari ne wannan da ake raɗa wa hanya sunan gudun mutum?"

Ya ce, "Wallahi Kawu ban taɓa lura ba. Ni da rana barci nake yi."

Wani dattijo baƙar fata, ma'aikacin kicin, yana zaune a kan bokiti a bakin ƙofar baya yana shan iska. Ya ga ina ɗaukar hoton allon, ya yi dariya, ya ce ai Janar ne aka zo kamawa da asuba ya fice ta baya da rigar barci. Ya ƙara da cewa har doki aka shigar cikin otal a wannan ranar. Da na ji doki, sai kunnena ya miƙe. A gidan da na tashi a Katsina turke uku ne, kuma tun ina ɗan shekara goma ni ke riƙe wa mahaifinmu likkafa ranar hawan Sallah. Sauran kwanakina biyar a garin, labarin nan ya cinye su.

Yaƙin basasar Amurka, na 1861 zuwa 1865, tsakanin gwamnatin tarayya ne da jihohin Kudu goma sha ɗaya da suka ɓalle don kare mallakar bayi. Tenesi na cikin waɗanda suka ɓalle. Amma Memfis ba ta daɗe a hannun 'yan aware ba. Ranar 6 ga Yunin 1862 jiragen yaƙin tarayya suka gangaro kogin, suka tarwatsa na Kudu cikin sa'o'i ƙalilan, mutanen gari na tsaye a kan tudu suna kallo kamar 'yan kallon dambe. Daga ranar garin ya zama sansanin tarayya, ma'ajiyar kayan yaƙi, asibitin sojoji, kuma mafakar dubban bayi da ke gudowa daga gonakin auduga.

A damunar 1864 Janar Sherman na tarayya yana matsa wa Atlanta, kuma abincin rundunarsa da harsashinta duk ta layin dogo guda suke zuwa, wanda ya ratso Tenesi. Mutum ɗaya yake tsoro a kan wannan layi: Nathan Bedford Forrest, jagoran mahayan Kudu, wanda bai yi wani karatun kirki ba, bai taɓa shiga makarantar soja ba, ya shiga yaƙin a matsayin kurtu ya fito da muƙamin Laftanar Janar. Don a hana shi sakewa aka riƙa tura runduna bayan runduna daga Memfis zuwa arewacin jihar Misisipi. Ta watan Yuni ya yi mata kaca-kaca a Brice's Crossroads. Ta Yuli ta ba shi kashi a Tupelo. Ta Agusta, ƙarƙashin Janar A. J. Smith, ta taso da mutum wajen 18,000, abin da ya fi ƙarfin gaba da gaba. Sai Forrest ya yi lissafin da duk wani barde zai gane: idan mai gida ya fito da dukan mazajensa neman ka a daji, to gidan fa?

Ya bar na ƙasa da shi, Janar Chalmers, da sauran dakaru suna ta motsi a gaban Smith kamar kowa na nan. Shi kuma da yammacin 18 ga Agusta ya sulale daga garin Oxford, na Misisipi ba na Ingila ba, da mahaya kimanin 2,000, ana ta tsuga ruwan sama. Kafin a yi nisa dawakai wajen 500 suka gaza, aka mayar da su da masu su. Saura 1,500 suka ci gaba.

Na matsa wa yaron sai ya kai ni in ga hanyar. Ranar hutunsa muka ɗauki mota muka yi kudu, muka wuce Hernando, muka isa gadar kogin Coldwater. A ranar ruwan kwance yake, bishiyoyi sun yi masa rumfa, ba ka ce zai hana akuya wucewa ba. Amma gaɓarsa laka ce, na taka da takalmina na ji yadda take riƙe ƙafa, na kuma ga alamar inda ambaliya ke kaiwa a jikin itatuwa, sama da kaina. A irin wannan cikar mahayan suka same shi, shi da rafin Hickahala da ke gabansa kusa da Senatobia, kuma babu gada ko ɗaya. Abin da suka yi ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Suka saro kurangar inabin daji, wadda ke nannaɗe bishiyoyin wurin kamar igiyar rijiya, suka tufka ta ta zama kebur, suka ɗaure gaɓa da gaɓa. Suka sa kwale-kwalen fito a tsakiya ya zama maɗauki, suka jera sandunan wayar tangarahu, suka ɓamɓaro katakon daɓen gidajen gurzar auduga na kusa suka shimfiɗa. A kan wannan abu mai lilo aka ja dawakai ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗora doki a kan abin da ke motsi ƙarƙashin kofatonsa ya san aikin da ke nan. Doki ba ya yarda da ƙasar da bai amince da ita ba. Sai ka rufe masa ido, ka riƙe linzami kusa da haɓa, kana yi masa magana a hankali kamar mai lallashin amarya.

Daga Hernando zuwa Memfis tafiyar kilomita arba'in ce. Mu mun yi ta cikin rabin sa'a, da sanyin na'ura. Su sun yi ta cikin dare, bayan kwana biyu a kan sirdi.

Washegari na ce a tashe ni kafin asuba. Yaron ya dawo daga aiki ya ɗauke ni, muka yi salla, muka gangara bakin kogi inda tsohuwar matsayar jiragen auduga take, wadda aka daɓe da duwatsu tun ƙarni na sha tara, har yanzu da manyan zobban ƙarfe na ɗaure jirgi. Hazo ya taso daga ruwa, ba irin namu na hunturu mai ƙura ba, wannan jiƙaƙƙe ne, yana sauka a gashin hannu. Fitilun babbar gadar suka koma kamar aci-balbal. Wani jirgin tura kaya ya wuce, muna jin gurnanin injinsa ba ma ganinsa.

A cikin irin wannan hazo suka shigo, ranar Lahadi 21 ga Agustan 1864, wajen ƙarfe huɗu na asuba. Ƙanen Forrest, Kyaftin William, shi ne a gaba. Da masu gadi suka tsayar da shi, ya ce su sojojin tarayya ne sun kamo 'yan tawaye, kafin mai gadin ya gama tantancewa an buge shi. An yi umarnin kowa ya yi shiru, amma da bindiga ta tashi a shinge na gaba sai shirun ya watse, aka busa ƙaho, aka saki linzami. Mutanen gari suka farka da ƙarar kofato a kan titi da ihun mahaya.

Abu uku suka zo yi. Su kama janar-janar uku na tarayya da ke kwana a garin, Washburn da Hurlbut da Buckland. Su fasa kurkukun Irving Block su saki 'yan uwansu. Su kuma firgita garin har a kira Smith ya dawo.

Washburn, babban kwamandan yankin, an tashe shi mahaya na bakin ƙofa. Bai tsaya neman wando ba, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya bi ta baya, ya ratsa lunguna har sansanin Fort Pickering da ke kudancin gari a bakin kogi. Wani ƙanen Forrest ɗin, Jesse, ya shiga gidan ya tarar da kakin Janar, ya kwashe. Buckland ma ya sha, ya je ya tara dakaru. Shi kuwa William otal ɗin Gayoso ya nufa, mafi girma a garin, inda Hurlbut ke sauka, ya hau matakala da dokinsa har cikin zauren karɓar baƙi yana tambayar ɗakin Janar. Aka duba, ashe mutumin a wani wuri ya kwana.

Na je Gayoso ɗin. Na asalin ya ƙone a 1899, wanda ke wurin yanzu an gina shi bayan nan, kuma ya koma gidajen haya. Na tsaya a bakin ƙofa ina auna faɗinta da ido, ina tunanin yadda shaƙar doki da warin guminsa za su cika zaure mai shimfiɗu, ma'aikacin da ke kan teburi yana riƙe da littafin baƙi hannu na rawa. Wata mata ta fito da ɗan ƙaramin kare a igiya, ta dube ni da hulata, ta yi murmushi ta wuce.

Kurkukun bai fasu ba. Masu gadi da sojojin Iowa da ke tsaron gari suka tare. Janar ko ɗaya ba a kama ba. Bayan kamar sa'a biyu Forrest ya sa aka yanke wayoyin tangarahu, aka janye, da dawakan ganima da ɗaruruwan fursunoni, da yawansu ba takalmi, wasu da kayan barci. Daga bayan gari ya aika da farin ƙyalle yana neman Washburn ya turo wa mutanensa tufafi da abinci, aka kuwa turo. Ya kuma mayar masa da kakinsa. Ana ba da labarin cewa Washburn ya rama da sabon kakin Kudu da ya sa tsohon telan Forrest ya ɗinka. Hurlbut kuma, wanda a da aka sauke daga shugabancin yankin, ana danganta masa habaicin cewa shi an cire shi don ya kasa hana Forrest shiga yammacin Tenesi, ga magajinsa ya kasa hana shi shiga ɗakin kwanansa.

Buri na uku ne kaɗai ya cika. Smith ya banka wa Oxford wuta ranar 22 ga wata, ya juyo. A ganina ma ribar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, domin duk tsawon damunar Forrest yana Misisipi yana kare kansa, layin dogon Sherman yana aiki, kuma ranar 2 ga Satumba Atlanta ta faɗi.

Har zuwa nan ina jin daɗin labarin yadda ake jin daɗin labarin barade a zaure. Amma akwai abin da ya tsaya mini. Mutum 1,500 cikin duhu da hazo, kowace ƙungiya ta miƙe kai tsaye zuwa ƙofar da aka aike ta, ba ɓata, ba tambaya. Da ɗan gari a kan ci gari. To wane irin ɗan gari ne wannan?

Amsar tana titin Adams, tafiyar minti goma da ƙafa daga lungun Washburn. Mun je da azahar, rana na dukan ƙeya. Akwai wata tsohuwar majami'a mai suna Calvary, a bayanta filin ajiye motoci, kwalta da fararen layuka. Nan ne shagon Forrest yake kafin yaƙi, kuma hajarsa mutane ne. Yana cikin manyan dillalan bayi na garin a shekarun 1850. Yakan sayo daga jihohin da bayi suka yi araha, ya tsare su a wani fili mai katanga a nan, masu gonakin auduga na gaɓar Misisipi su zo su duba haƙora da damatsa su yi ciniki. Da wannan kuɗi ya sayi gonaki, ya zama kansila a majalisar gari a 1858, da shi kuma ya sayi makamai da kayan hawa na rundunarsa ta farko. Shi da ƙannensa sun san kowane lungu na Memfis ne saboda nan kasuwarsu take.

Alluna biyu ke wurin. Tsohon, na shekarun 1950, cewa kawai ya yi harkokin kasuwancinsa sun sa ya yi arziki. Bai faɗi kasuwancin mene ne ba. Sai a 2018 majami'ar da ɗaliban kwalejin Rhodes suka kafa na biyu, wanda ya kira abin da sunansa, aka kuma karanta sunayen wasu daga cikin waɗanda aka sayar a filin, waɗanda aka tono daga tsofaffin takardun ciniki. Yaron ya karanta allon har ƙasa, ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, sau nawa ina ajiye mota a unguwar nan."

Ban ce masa komai ba, don ni ma tunanina ya tafi gida. Mu ma muna da baraden da ake yi wa kirari, waɗanda sukuwarsu ta asuba a kan ƙauyuka take ƙarewa, a dawo da mutane a igiya. Wanda ya san tarihin Kwantagora zamanin Nagwamatse ya san abin da nake nufi. Kuma a zaurenmu na Katsina, da ake ba mu labarin dawakai, ban taɓa jin an ambaci sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka koro a gabansu ba.

Wata huɗu kafin harin Memfis, ranar 12 ga Afrilun 1864, dakarun Forrest sun ci sansanin Fort Pillow da ke kan wannan kogi, kilomita sittin da 'yan kai arewa da gari. Masu tsaronsa kimanin 600 ne, kusan rabinsu baƙaƙen fata da suka shiga sojan tarayya. Aka kashe kusan biyu cikin uku na baƙaƙen, da yawa bayan sun ajiye makami. Fort Pickering ɗin da Washburn ya ruga, akwai rundunar baƙaƙe masu harba igwa a cikinsa. Ke nan da asubar nan da fararen gari masu goyon bayan Kudu ke leƙowa ta taga suna ɗaga wa mahaya hannu, akwai dubban mutane a bukkokin kudancin gari da suka san abin da ƙarar kofaton take nufi a gare su. Bayan yaƙi kuma mutumin nan shi ya zama shugaban farko na Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu kai wa baƙaƙe hari.

Muka ƙarasa wani lambu a kan titin Union, kusa da makarantar koyon aikin likita. Daga 1905 zuwa 2017 mutum-mutumin Forrest na tagulla ya kasance tsaye a nan, a kan ingarma, kabarinsa da na matarsa a ƙarƙashi, a garin da yau mafi yawan mazaunansa baƙaƙe ne. Dokar jiha ta hana majalisar gari taɓa shi a filin gwamnati. Sai suka yi dabara: ranar 20 ga Disambar 2017 suka sayar wa wata ƙungiya mai zaman kanta lambun a kan dala 1,000, a daren nan kuwa aka kawo ƙugiya aka ɗauke doki da mahayinsa. A 2021 aka tone ƙasusuwan aka kai garin Columbia. Na yi dariya ni kaɗai da na lura shi ma da dare aka yi masa, kafin masu hanawa su farga. Yanzu ciyawa ce a wurin. Wasu ɗalibai biyu da fararen riguna suna zaune a inuwa suna cin abincin rana.

Wani abu da ban zata ba na ci karo da shi a ɗakin karatu na gari. A cikin baƙaƙen da suka sa kakin tarayya a wannan yaƙi akwai ɗan Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said, ɗan Barka Gana, jarumin Shehu Laminu. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istambul, daga nan Rasha, har ya iso Amurka da 'yancinsa, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863. Can gabar tekun Karolina ta Kudu ya yi aikinsa, bai ga harin Memfis ba. Amma littafin tarihin rayuwarsa a nan Memfis aka buga shi, a 1873, lokacin Forrest yana raye yana zaune a garin. Na daɗe ina juya wannan a raina: ɗan barden Borno da aka taɓa sayarwa, da dillalin titin Adams, da sunayensu a gari guda a shekara guda.

Daren da zan tafi muka sake bi ta lungun, don a can kusa muka samu mai soya tarwaɗar, da garin masara ake turbuɗe ta, a haɗo da ɗan yaji-yaji a kwalba. Dattijon nan yana kan bokitinsa. Ya gane hular, ya tambaye ni ko na samo otal ɗin dokin. Na ce na samo, na kuma je titin Adams. Ya gyaɗa kai, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce kakar kakarsa daga wata gona a Misisipi ta taso da ƙafa ta shigo garin nan lokacin yaƙi. Aka kira shi daga ciki. Ya miƙe, ya kife bokitin, ya goge hannu a jikin rigar aikinsa, ya ba ni hannu muka yi musafaha. Yaron kuma yana ta duba agogo, don ƙarfe goma yake shiga aiki.